Mutanen Rami: Yadda Nasaran Najran Suka Dogara Ga Ikon Allah

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda mulkin sammai da ƙasa yake hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da 'yan'uwansa Annabawa da Manzanni, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, da wuya a sami almajirin da ya ɗan yi nisa a karatun allo wanda bai rubuta Suratul Buruji ya wanke ba, domin tana cikin izifin Amma. Ita ce sura ta 85 a jerin surorin Alƙur'ani mai girma, tana da ayoyi 22, kuma a Makka aka saukar da ita. Limamai suna yawan karanta ta a salla, amma kaɗan ne daga cikin mamu suka san ko su wane ne mutanen nan da aka haƙa wa rami, aka hura wuta a ciki, aka jefa su, ba don wani laifi ba sai don sun yi imani da Allah. Abin da ya fi shahara a wurin malaman tafsiri da na sira shi ne, mutanen nan Nasara ne na garin Najran. In na ce Nasara a nan, ba Turawa nake nufi ba kamar yadda bakin Bahaushe ya saba, ina nufin mabiya Annabi Isa ɗan Maryamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kuma waɗannan Larabawa ne tsantsa.

Labarinsu labari ne na karo tsakanin sihiri da tawakkali, da tsakanin tsoron sarki da tsoron Allah. Tun da yake Allah da kanSa Ya yabe su a cikin LittafinSa, ya wajaba a kanmu mu san su, mu kuma auna kanmu da su.

Yadda addinin ya shiga Najran

Najran wani kwari ne mai dausayi da dabino a kudancin ƙasar Saudiyya ta yau, kusa da iyakarta da Yaman. A zamanin da, ayarin fatake masu ɗauke da turare daga Yaman zuwa Sham da Iraƙi a nan suke yada zango. Ibn Ishaƙ, mai littafin Sira, wanda ya rasu wajen shekara ta 150 bayan Hijira, ya kawo cewa mutanen garin suna da wani dogon dabino da suke bauta wa. Kowace shekara sukan yi masa biki, su rataya masa kyawawan tufafi da kayan adon mata.

Ana nan sai aka kawo wani bawa aka sayar a garin, sunansa Faimiyun. Shi mutumin Sham ne, magini, ba ya cin kome sai abin da hannunsa ya samo, kuma yana kan addinin Annabi Isa. Larabawa ne suka kama shi a hanya. Ubangidansa ya lura cewa in dare ya yi Faimiyun ya tashi salla, sai ɗakin ya cika da haske alhali ba a kunna fitila ba. Da ya tambaye shi addininsa, sai ya gaya masa cewa dabinon nan ba ya cuta ba ya amfani, kuma in ya roƙi Ubangijin da yake bauta wa, zai halaka shi. Ya yi tsarki, ya yi salla, ya roƙi Allah, sai iska ta taso ta tumɓuke dabinon tun daga saiwa. Daga nan mutanen Najran suka shiga addininsa.

Yaro da boka da rahibi

Imamu Muslim ya ruwaito wani dogon hadisi daga Suhaibu Ba-Rume, wanda Imamu Nawawi ya kawo a babin haƙuri na Riyadus Salihina. Ga taƙaitaccen abin da ke ciki.

An yi wani sarki mai boka. Da bokan ya tsufa, sai ya nemi sarki ya ba shi yaro ya koya masa sihiri, don kada sana'ar ta mutu tare da shi. A kan hanyar yaron ta zuwa gidan boka akwai wani rahibi, watau mutumin da ya keɓe kansa daga duniya don ibada. Yaron ya riƙa tsayawa wurinsa yana sauraro, har maganarsa ta shige shi. Ya zama ke nan yana da malamai biyu, kowanne yana jan zuciyarsa.

Wata rana wata babbar dabba ta tare wa mutane hanya. Yaron ya ɗauki dutse, ya roƙi Allah cewa in al'amarin rahibi ya fi soyuwa a gare Shi bisa na boka, to Ya kashe dabbar. Ya jefe ta, ta mutu, mutane suka wuce. Da ya ba rahibi labari, sai rahibin ya gaya masa cewa yanzu ya fi shi daraja, kuma ya shirya, domin za a jarrabe shi. Mai karatu ya lura da wannan: malamin bai yi wa almajirinsa bushara da dukiya ko sarauta ba, abin da ya hango masa bayan karama shi ne jarrabawa.

Allah Ya riƙa warkar da makafi da masu albaras ta hanyar addu'ar yaron. Wani bafaden sarki da ya makance ya zo masa da kyauta mai yawa. Yaron ya gaya masa cewa shi ba ya warkar da kowa, Allah ne Mai warkarwa, in ya yi imani zai roƙa masa. Ya yi imani, Allah Ya mayar masa da ganinsa. Da sarki ya ji bafadensa yana ambaton wani Ubangiji wanda ba shi ba, sai ya sa aka yi ta azabtar da shi har ya nuna yaron, aka azabtar da yaron har ya nuna rahibi. Aka ce wa rahibi ya bar addininsa ya ƙi, aka ɗora masa zarto a tsakar ka aka raba shi biyu. Haka aka yi wa bafaden.

Shi kuwa yaron, aka hau da shi kan dutse don a turo shi. Ya roƙi Allah Ya isar masa da abin da Ya so, dutsen ya girgiza, masu kai shi suka faɗo, ya komo wurin sarki da ƙafarsa. Aka sa shi a jirgi don a nutsar da shi a teku, ya maimaita addu'ar nan, jirgin ya kife da su, ya sake komowa. Hausawa sun ce zakaran da Allah Ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Daga ƙarshe shi da kansa ya gaya wa sarki hanyar da zai iya kashe shi: ya tara jama'a a fili ɗaya, ya ɗaure shi a jikin kututture, ya zaro kibiya daga kwarin yaron, ya ambaci sunan Allah Ubangijin yaron, sa'an nan ya harba. Sarki ya yi haka, kibiya ta same shi a gefen kai, ya ɗora hannunsa a wurin, ya cika. Nan take jama'a suka ce sun yi imani da Ubangijin yaron. Abin da sarki yake gudu shi ya auku, kuma da bakinsa ya jawo shi.

Sai ya sa aka haƙa ramuka a bakin hanyoyi, aka hura wuta, duk wanda ya ƙi komawa addinin sarki aka jefa shi. Wata mace ta zo da jaririnta, ta ɗan ja da baya, sai Allah Ya buɗe bakin jaririn ya ce mata ta yi haƙuri domin tana kan gaskiya. Hadisin bai ambaci sunan gari ko na yaron ba, amma Ibn Ishaƙ ya kawo labari mai kama da shi a kan wani yaron Najran mai suna Abdullahi ɗan Samir.

Abin da tarihi ya adana

Malaman tafsiri sun ambaci cewa irin wannan ƙone muminai ya auku fiye da sau ɗaya, a Yaman da Sham da Farisa. Amma na Najran shi ne wanda shaidarsa ta fi yawa, domin ɓangarori uku sun rubuta shi: waɗanda suka yi kisan, da 'yan'uwan waɗanda aka kashe, da malaman Musulunci daga baya.

A wajen shekara ta 522 Miladiyya wani mutum mai suna Yusufu, wanda Larabawa suke kira Zu Nuwas, ya hau gadon sarautar Himyar a Yaman. Yana bin addinin Yahudu, kuma yana ganin Nasaran ƙasarsa a matsayin 'yan kanzagin Habasha da Rum, waɗanda suke neman mallake cinikin Bahar Maliya. Watau siyasa da kasuwanci sun cuɗanya da addini a cikin al'amarin, kamar yadda yakan faru a kowane zamani. Ya fara da ƙone majami'ar da ke Zafar, babban birninsa, sa'an nan ya tura runduna Najran. Wani sarkin yaƙinsa ya sa an sassaƙa labarin wannan yaƙi a jikin duwatsun Hima, arewa da Najran, kuma rubutun yana nan har yau. A shekarar 2021 hukumar UNESCO ta sanya yankin Hima cikin wuraren tarihi na duniya. A cikin Najran kanta akwai kufai da ake kira Al'ukhdud, watau Ramin.

A shekara ta 523 aka ci garin. Littattafan Nasara na harshen Suryani sun ce da sarki ya ga ganuwa ta gagara, sai ya rantse wa mutanen cewa ba zai taɓa su ba in sun buɗe ƙofa. Da suka buɗe, ya ci amana. Ya tara malaman addininsu a majami'a ya cinna mata wuta, sa'an nan ya ba sauran zaɓi tsakanin barin addininsu da mutuwa. Shugabansu, wani dattijo mai suna Harisu ɗan Ka'abu, ya ƙi, aka fille masa kai tare da jama'arsa. Haka wata attajira bazawara mai suna Ruhum, wadda aka yanka 'ya'yanta mata a gabanta ba ta sauya magana ba. Ibn Ishaƙ ya ce waɗanda aka kashe sun kusa 20,000.

Yadda labarin ya bazu kuwa, sarkin ne ya tona kansa. Ya aika wa Munziru, sarkin Hira ta ƙasar Iraƙi, da takarda yana alfahari da abin da ya yi, yana kuma zuga shi ya yi haka ga Nasaran ƙasarsa. Takardar ta iso a farkon shekara ta 524, aka karanta ta a gaban wani babban limamin Nasara mai suna Sham'unu na Bait Arsham, shi kuwa ya rubuta wasiƙa ya sanar da majami'un Sham da Masar.

Yadda Nasara suka fahimci wannan yaƙi

To, me ya ba talakawa da mata da yara ƙarfin zuciyar da suka tsaya a bakin rami? Wanda ya duba littattafan Nasara zai ga cewa tun farko an tarbiyyantar da su a kan cewa rayuwar mai imani fagen fama ce. A cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, babi na 6, an gaya musu cewa ainihin abokin gabarsu shi ne Shaiɗan da rundunarsa, ba ɗan Adam ba, kuma makamansu su ne gaskiya da adalci da imani da maganar Allah da addu'a. A cikin littafin Daniyel, babi na 3, akwai labarin samari uku da sarkin Babila Bukhtanasar ya jefa a tanderun wuta don sun ƙi sujada ga gunki. Amsar da suka ba shi tana da sassa biyu: Allahn da suke bauta wa yana da ikon ya kuɓutar da su, kuma ko da bai kuɓutar da su ba, ba za su yi sujada ba. Abin sha'awa shi ne, cikin ruwayoyin da Ibn Kasir ya kawo a tafsirin Suratul Buruji akwai wadda ta danganta ayoyin ga Daniyel da abokansa.

Haka nan rahibai irin wanda ya karantar da yaron. Mafi shahararsu shi ne Antuniyus na Masar, wanda aka haifa wajen shekara ta 251, ya rasu a 356, kuma gidan ibadar da ke ɗauke da sunansa yana nan har yanzu a hamadar da ke kusa da Bahar Maliya. Atanasiyus, babban limamin Iskandariya, ya rubuta tarihinsa, ya bayyana yadda shaiɗanu suka riƙa zuwar masa da siffofin namun daji da na sha'awa. Abin da yake koya wa almajiransa shi ne kada su ji tsoronsu, domin ko dabbobin Annabi Ayuba Shaiɗan bai iya taɓawa ba sai da Allah Ya ba da izini. Musulmi zai gane wannan magana nan da nan, domin aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta tabbatar cewa masu sihiri ba sa iya cutar da kowa sai da izinin Allah.

A nan ya kamata a yi bayani don kada a sami ruɗani. Aƙidarmu game da Annabi Isa a fili take: bawan Allah ne kuma ManzonSa, ba mu yarda da Triniti ba, ba mu kuma yarda an gicciye shi ba. Ibn Ishaƙ ya siffanta mutanen Najran na wancan lokaci da cewa suna kan ragowar addinin Annabi Isa, alhali littattafan Suryani sun rubuta maganganunsu bisa aƙidar majami'un da suka adana labarin. Amma duka ɓangarorin sun haɗu a kan abu ɗaya: mutanen nan sun gaskata cewa ikon Allah ya fi na sarki, sun zaɓi wuta bisa ridda, kuma duk wannan ya faru kusan shekara 90 kafin a aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Ƙarshen mai rami

In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ibn Ishaƙ ya ce wani mutum mai suna Dausu ya tsere a kan dokinsa ya kai ƙara wurin Ƙaisar na Rum. A shekara ta 525 sarkin Habasha Kaleb ya ƙetaro Bahar Maliya da jiragen ruwa, ya murƙushe rundunar Himyar. Ruwayar Larabawa ta ce da Zu Nuwas ya ga ba mafita, sai ya kutsa cikin teku da dokinsa, ba a sake ganinsa ba. Shekara biyu kacal ya yi bayan ramin.

Sai dai akwai wani darasin a nan. Daga cikin rundunar da ta zo ramuwa ne aka sami Abrahata, wanda ya ƙwace mulkin Yaman, ya gina babbar majami'a a San'a, daga baya ya ɗauko giwa ya nufi Ka'aba, Allah Ya halaka rundunarsa kamar yadda Suratul Fili ta ba da labari. Allah Ya yabi Nasaran da aka jefa a rami, Ya kuma halaka Banasaren da ya zo da giwa. Sunan addini bai kare Abrahata ba ranar da ya dogara ga ƙarfinsa ya yi zalunci, kuma ba zai kare kowa ba.

Bayan wannan, a ƙarshen rayuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tawagar Nasaran Najran ta mutum 60 ta zo Madina. Ibn Ishaƙ ya ruwaito cewa da lokacin ibadarsu ya yi, sun yi ta a cikin masallacinsa suna fuskantar gabas, ya ce a ƙyale su. An yi muhawara a kan Annabi Isa, aka saukar da farkon Suratu Ali Imrana, ba su musulunta ba, aka ƙulla musu amana a kan rayukansu da dukiyoyinsu da majami'unsu, bisa za su riƙa ba da riguna 2,000 a shekara. Ya haɗa su da Abu Ubaida ɗan Jarrah, wanda ya kira amintaccen wannan al'umma.

Ina muke a yau?

Lokacin da aka saukar da Suratul Buruji, su Bilalu da Ammaru da Khabbabu suna shan azaba a Makka. Bukhari ya ruwaito cewa Khabbabu ya sami Annabi a inuwar Ka'aba ya roƙe shi ya nema musu taimakon Allah. Sai Annabi ya tuna masa da mutanen da, waɗanda ake tsagawa da zarto ba su bar addininsu ba, ya yi masa bushara cewa aminci zai zo har matafiyi ya tashi daga San'a zuwa Hadramaut ba ya tsoron kowa sai Allah, sa'an nan ya ce musu suna gaggawa ne. Da mutanen da suka gabata aka ƙarfafa zukatan sahabbai.

Mu kuwa ba a haƙa mana rami ba, amma dubi abin da ke kai mu ƙofar boka. Ciniki ya ja baya, sai a ce an yi jifa. Yarinya ta daɗe ba ta yi aure ba, sai a ce sammu ne. Mutum yana neman kujera ko ƙarin girma a ofis, sai ya kwana a gidan mai duba, a sa shi yanka baƙin bunsuru a mararraba. Wasu bokayen har rawani suke naɗawa, suna tallar kansu a rediyo da wayar hannu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kashedi a cikin Nurul Albabi a kan girmama itatuwa da duwatsu da yi musu yanka, watau irin abin da mutanen Najran suka bari tun ranar da dabinonsu ya faɗi. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Bambancin yaron nan da boka a fili yake, kuma da shi za a gane kowane mai magani. Boka yana jingina aikin ga kansa, yana karɓar kuɗi, yana ɗaure zuciyarka da tsoro don ka yi ta komowa. Yaron kuwa ya kore ikon warkarwa daga kansa, ya nuna wa makaho Ubangijinsa, ya sake shi.

Sa'an nan tawakkali ba ciniki ba ne da Allah. Yaron ya tsira a kan dutse, ya tsira a teku, amma kibiya ta kashe shi, kuma mutuwar tasa ita ce ta musuluntar da gari. Wanda yake zaton dogara ga Allah yana nufin kada a taɓa jarrabarsa, ranar da addu'arsa ta yi jinkiri zai juya wurin boka. Haka kuma tawakkali ba ya hana riƙon sababi, domin Annabi ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara ga Allah. Mara lafiya ya je asibiti, ya riƙe Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu da zikirin safe da maraice, ya bar sauran ga Mai shi.

Daga ƙarshe, wanda ya karanta Suratul Buruji da fahimta ba zai yarda a tilasta wa wani barin addininsa da wuta ko da takobi ba, ba zai kuma sa hannu a ƙone wurin ibadar kowa ba, domin ya san a wane gefen ramin Allah Ya ajiye la'anarSa. Muna zaune da maƙwabta Kirista a garuruwanmu, muna saɓa musu a aƙida, muna kiran su zuwa ga tauhidi da hikima da kyakkyawan wa'azi, kuma haƙƙin maƙwabtaka yana kanmu. An ruwaito Hasanul Basri yana mamakin yalwar rahamar Allah a cikin wannan sura, domin bayan mutanen nan sun ƙone bayinSa, sai ga shi ayar ta bar musu ƙofar tuba a buɗe. In haka ne, wanda ya taɓa zuwa wurin boka kada ya yanke ƙauna, ya warware abin da ya ƙulla, ya tuba tun da sauran numfashi.

Allah Ya tabbatar da dugaduganmu a kan gaskiya, Ya tsare mu daga sharrin Shaiɗan da na masu sihiri, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.